Lambun bayan ɗaki a Kornaka

A Kornaka ruwa ne ke yanke hukuncin abin da za a shuka a cikin gida. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasar kuma rairayi ce mai shanye ruwa nan take. Rijiya na da zurfi. Duk wanda ya ja guga da hannunsa ba ya zuba ruwa a gindin abin da ba ya shiga tukunya, shi ya sa furen ado bai cika samun wuri ba.

Amma ina ganin ado yana shigowa ta bayan gida. Dubi furen kuɓewa da safe: rawaya mai haske, cikinsa ja wur har ya yi duhu, kafin la'asar ya yanƙwane. Yakuwa ma haka, da jan karanta. Lalle kuwa, wanda mata ke shukawa don ganyensa, idan ya yi fure ƙamshinsa na cika tsakar gida bayan magariba.

Zogale ya fi kowa haƙuri. A dasa shi kusa da inda ake alwala, ruwan da ke zuba kullum ya ishe shi. Manoman Jiratawa, kusa da Maraɗi, suna noma shi fage guda don kasuwa. Mu nan biyu ko uku sun isa kwaɗo da ƙuli-ƙuli.

Babbar rigimar kuwa da awaki ake yin ta. Darnin kara ba ya tare su sai an haɗa da ƙaya, kuma duk rani sai an sabunta shi.