Ranci Kamarsa, Ka Biya Bashi

A da, idan kogin Haɗeja ya kawo ruwa wajen watan Agusta ya malale fadama, ƙauyuka da yawa na ƙasar Auyo da Guri da Kirikasamma sukan koma tsibirai. Hanya ta yanke, sai kwalekwale, sai masunta bisa gora. Dare ya yi tsawo, babu lantarki, sai aci-bal-bal. Bayan tatsuniya da kacici-kacici ne manya kan fito da wasan da ya fi ɗaure mana kai.

Kawuna masunci ne, bai taɓa shiga aji ba, amma duk unguwa babu wanda ya kai shi iya wannan wasa. Yana gyaran koma zai dubi yaro ya ce, "Kai ɗan nan, riƙe kuɗi a zuciyarka, kada ka faɗa wa kowa. Ka riƙe? To, je wurin abokinka ka ranci kamarsu. Ni kuma na ba ka sule goma kyauta. Haɗa duka, raba biyu, ka ba da rabi sadaka. Yanzu mayar wa abokinka bashinsa." Sai ya ja zare da haƙori ya tsinke, ya ce, "Saura sule biyar a hannunka."

Nan wuri zai kaure. Wanda ya riƙe uku da wanda ya riƙe ashirin, kowa biyar ya tarar. Har rantsuwa muke yi cewa Kawu yana da hisabi. Alhali abin da ka riƙe da abin da ka ranto daidai suke: ɗaya ya tafi a sadaka, ɗaya ya tafi a biyan bashi, abin da ya rage rabin kyautarsa ne kawai. Shi ya sa yake sauya kyautar, yau goma, gobe takwas, don kada mu gano lagonsa.

Akwai na biyu, wanda ni na fi so, domin shi Kawu ba ya ɓoye sirrinsa. "Ninka abin da ka riƙe sau uku, ƙara huɗu. Nawa ke nan?" Ka ce, "Ashirin da biyar, Kawu." Kafin ka rufe baki ya ce bakwai. In ka matsa masa sai ya ce wanda ya ɓace a fadama sawunsa yake bi ya koma gida. Abin da aka yi a ƙarshe shi ake fara warwarewa. An ƙara huɗu, cire huɗu, saura ashirin da ɗaya. An ninka sau uku, raba uku. Wanda ya ƙware sai a hau da shi mataki: "Na sayar da rabin tarwaɗar da na kamo, na kai wa Sarkin Ruwa biyu, na raba sauran gida uku, kowane gida ya sami huɗu. Nawa na kamo?" Ka ga yara suna zane a ƙasa da tsinke: huɗu sau uku sha biyu, da biyu sha huɗu, ninka, ashirin da takwas.

Ba banza mutanen wancan zamani suka iya lissafin ka ba. Kafin naira ta shigo a watan Janairun 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga sisi ga taro ga nai. Mai sayar da banda a kasuwar Haɗeja, in ta ƙirga ciniki da yamma, da baya take bi, ta cire kuɗin mota da na itace da la'ada, kafin ta san ko uwar kuɗi ta dawo.

Shirin ilimin firamare na UPE na 1976 ya kwashe mu zuwa makaranta. Ranar da malami ya rubuta 3x + 4 = 25 a allo, a sakandare, na ji daɗi har cikin raina, don na riga na san hanyar. A ganina da malamai za su fara da rance da sadaka kafin su kawo x, da yara da yawa ba su tsani lissafi ba. Ai shi kansa Al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da zance ya tsara matsalolinsa, babu alama ko ɗaya, kuma babban kaso na littafin kan rabon gado da wasiyya ne. Mu ma muna da namu: Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun sauya tafiyar ruwan kogin Haɗeja, kachala ta toshe rafuka da dama, masunta da yawa sun koma noman rani. Hirar dare ma ta ragu, mai banda kuma yanzu waya take dannawa. Malaman rabon gado ne na ga har yau suna ƙirga da ka, su fitar da bashi da wasiyya tukuna, sannan su ba matar mamaci tumuninta.