Rabon wanda ke kwance

Akwai cututtukan da namiji ke faɗa a dandali ba tare da ya sunkuyar da kai ba, akwai kuma waɗanda yake yawo da su shekara da shekaru a cikin wando, ko mai ɗakinsa ba ta taɓa jin sunansu daga bakinsa ba. Ƙaba tana cikin kashi na biyu. Abin da likitoci suka ce game da ita ba shi da wuyar ganewa: bangon cikin mutum yana da wani wuri mai rauni a matsematsi, idan wurin ya saki sai hanji ya riƙa leƙowa ta nan, ya yi kumburi in mutum yana tsaye ko yana tari, ya koma in ya kwanta. Wannan komawar ita ce ke yaudarar jama'a, domin kuwa kowa sai ya ce abin da ke zuwa yana tafiya ai ba ciwo ba ne. Ranar da hanjin ya fito ya maƙale, jini ya daina isa gare shi, to lissafin ya tashi daga na shekaru ya koma na awoyi.

Ni tawa ba ta kai nan ba. A farkon sanyin da ya wuce aka yi mini aiki a wani asibiti na Maradi. An yi mini allura a baya, rabin jikina na ƙasa ya mutu, ina ji ana magana a kaina har aka gama, abin bai cika awa guda ba. Bayan kwana uku aka sallame ni da takardar magani da jerin hani: kada in ɗauki kaya mai nauyi har mako shida, kada in hau babur, kada in yi yunƙuri a bayan gida, in kiyayi duk abin da zai sa ni tari. Wanda ya san ƙurar Maradi a cikin hunturu ya san cewa hani na ƙarshe kamar a ce wa kifi ya kiyayi ruwa ne.

A nan ne na gane cewa wuƙar likita ita ce ɓangare mai sauƙi. Jinya ita ce doguwa, kuma birni bai iya ta ba. Abokan aiki sun zo rana ta farko da lemo da madara, Allah ya saka musu, daga nan sai gaisuwa ta koma ta waya. Ban ga laifinsu ba, kowa da biro a gabansa da ƙarshen wata a bayansa. Mai ɗakina malamar makaranta ce, tun da safe take fita, ni kuwa ko bokitin wanka ba ni da izinin ɗagawa. Da labari ya kai wa inna a ƙauye, ba ta yi shawara da kowa ba, ta aiko ƙanena da mota. Aka shimfiɗa mini katifa a baya, muka kama hanyar garinmu da ke kwarin Gulbin Kaba, direba yana lallaɓa kowane rami kamar ya ɗauko ƙwai.

Na iske gari yana shirin buɗin daji. Ga mai karatu da ya tashi a birni, al'adar ita ce tun daga saukar damina har a kammala girbi a kai hatsi rumbu, ba a shiga daji da niyyar farautar gayya. Sai manya sun sa rana, an yi abin da ake yi, sannan Sarkin Baka ya ba da izini. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin Hausawan ƙasar Maradi, ya rubuta abubuwa da yawa kan wannan biki kamar yadda ya gan shi a zamaninsa. Abin da ya rage a garinmu yau bai kai wancan ba: yanke-yanken da kakanni ke yi sun kau, liman ne ke buɗewa da addu'a, amma hanin da izinin suna nan daram. Dangin inna mahalba ne kaka da kakanni, yayanta kuwa, wato kawuna, shi ne Sarkin Baka. Tun ina lise, duk hutun da ya dace da farauta ni ke riƙe masa gorar ruwa, daga baya har ya yarda na riƙa ratayen kwari. Bana kuwa ga ni a kan tabarma a zaure, da matashi a ƙarƙashin gwiwa.

Ba zan ɓoye ba, ranar fita ta farko ta fi mini ranar aikin zafi. Tun asuba mai garaya ya fara kaɗawa a ƙofar gidan kawu, karnuka suna haushi, samari suna gwada ƙere a iska, dattawa suna ɗaure tsarkiya. Duk wanda ya taɓa jan baka ya san ba hannu kaɗai ke ja ba: mutum yana riƙe numfashi, ya ɗaure cikinsa tamau, sannan ya saki. Wato daidai wurin da aka ɗinke mini shi ne wurin da baka ke nema. Suka wuce ta gaban zaure ɗaya bayan ɗaya, kowa ya leƙo ya ce sannu, ya jiki, ni kuma ina cewa da sauƙi, har ƙurarsu ta lafa gari ya zama na mata da yara da tsofaffi da ni.

Da la'asar sakaliya wani yaro ya shigo da cinyar zomo da rabin zabon daji a cikin ƙwarya, ya ce in ji Sarkin Baka, rabona ne. Na ce ai ban fita ba. Kawu da kansa ya ba ni amsa da ya shigo bayan magariba:

"Kai ɗana, boko ya mantar da kai? Wanda ya saba fita da mu, ciwo ya kwantar da shi, ana cire nasa kafin a raba. Haka muka tarar. Ran da na kwanta, kai ma ka cire mini."

Haka aka yi ta yi duk ranar da aka fita, har mako biyar. Wata rana fakara, wata rana kurege, sau ɗaya tak naman gada. Inna ta riƙa yi mini romo da shi, goggo kuma ta tsaya kai da fata cewa nama yana sa miki ya yi ruwa, a bar ni da hura da kunu. Majo na ɗakin shan magani, wanda ke zuwa wanke mini ɗinki, shi ya raba gardamar: ya ce jiki da nama yake gina nama, abin da ke sa miki ruwa ƙazanta ce, a dai haɗa mini da miyar ganye da ruwa mai yawa saboda bayan gida. Ni damuwata daban ce, wato dafi. Mahalba suna dafa shi da ƴaƴan kwankwani, wanda ke tsayar da zuciyar dabba, kuma mutumin da ke shan magungunan asibiti ba ya son ƙarin wani abu a cikin jininsa. Kawu ya yi dariya ya ce wa zai ɓata dafi a kan zomo? Ƙananan namu na ƙere ne da kare da kibiya tsura, a riske su da rai a yanka da bisimilla. Dafi na manyan dawa ne, su kuwa rabon da ya ga irinsu har ya manta.

Wannan magana tasa gaskiya ce, kuma ita ta sa cinyar zomon nan ta yi mini nauyi a hannu. Dajin da kakanninmu suka sani ya tafi. Farin 1973 da na 1984 sun ci nasu, gatari da garma sun ci saura, gonaki sun haɗe daga wannan gari zuwa wancan. Hukuma ta taɓa hana farauta a ƙasa baki ɗaya, daga baya aka kafa doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 wadda ta tsara yadda za a yi ta da irin dabbobin da ba a taɓawa. Mai son ganin barewa da yawa yau sai ya nufi gandun Gadabeji a arewacin Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, inda a 2018 aka kai raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, kuma can kallo ake yi, ba halbi ba. Kurmin Baban Rafi da ke kudu, inda kawu ya ce a ƙuruciyarsa sukan yi kwanaki, tun da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi bakin iyaka ba mai hankalin da zai kai yaransa can da baka. Saboda haka mutum talatin za su wuni cikin rana da ƙaya su dawo da abin da bai cika buhu guda ba. Daga cikin wannan ake cire na wanda ya wuni a kan tabarma.

Ba nama kaɗai ba ne. An ba ni wani ɗan ƙanen inna mai shekara goma sha biyu, shi ke ɗebo mini ruwa, shi ke riƙe mini buta. Maƙerin gari, wanda ƙafa ta hana shi farauta tuntuni, kullum da hantsi sai ya zo ya tashe ni mu taka zuwa bakin rijiya mu dawo, domin majo ya ce kwanciya da yawa ita ma cuta ce. Kawu ya taɓa kawo mini wani garin magani da suke barbaɗa wa raunin daji. Na ce masa: "Kawu, ku yi haƙuri, likita ya ce kada a sa komi a kai." Ban san yadda zai ɗauka ba. Sai ya mayar da ƙullin cikin aljihu ya ce daidai ne, wanda ya fara bin sawu shi ke ƙarasa shi, ba a shiga tsakanin mahalbi da namansa.

Sai kuma baƙin dare. Wajen mako na biyu na lura cewa akwai masu zuwa dubiya da rana cikin jama'a, su sake dawowa bayan lisha su kaɗai. A zauna, a yi zancen sanyi, a yi zancen tsadar hatsi, can sai mutum ya rage murya ya ce wai akwai wani abokinsa mai irin ciwona. Shin da gaske ne mutum yana farke ake yanka shi? Shin bayan aikin namiji yana nan namiji? Nawa ake kashewa? Mutum huɗu suka zo mini da wannan aboki, manoma masu jan ruwa da ɗaukar dami, kuma kowanensu ya san na san ko wane ne abokin. Na gaya musu abin da na gani da idona, na nuna ɗinkin ga wanda ya nemi gani. Ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyar shi ne kawu, shi kuwa bai kawo zancen aboki ba. Ya ce shekara tara ke nan yana ɗaure ta da ɗamara kafin ya fita, bana kuma sau biyu tana ƙin komawa sai da ya kwanta a gindin kalgo ya tura ta da hannu, yara suna tsammani hutawa yake. Na ce masa wannan ita ce alamar da likita ya ce ba a jira da ita, in ta maƙale masa a tsakiyar daji har amai ya zo, kafin a nemo amalanke a kai shi bakin kwalta an makara. Ya yi shiru. Sannan ya faɗi abin da ke ransa, wanda ba tsoron mutuwa ba ne: ya sha maganin tauri tun yana saurayi, yana gudun wuƙar likita ta lanƙwashe a jikinsa yaron mutane ya ji kunya a gaban ma'aikatansa. Ban yi dariya ba, kuma ban shiga gardamar tauri da shi ba. Na ce to ai mai ɗauri shi ke da kwancewa. Ya ce haka ne, akwai makari.

Saura kuɗi. Tun 2006 hukuma ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, haka ma matan da ake yi wa aiki wajen haihuwa, amma dattijo mai ƙaba ba ya cikin wannan lissafi. Ma'aikaci yana iya neman bashi a kan albashinsa, ɗan kasuwa ya taɓa jari, manomi kuwa sai ya buɗe rumbu ko ya kai akuya kasuwa, shi ya sa yake ɗaure ciki da ɗamara har shekara tara. A nan ina da magana da ƴan uwana ma'aikata da ƴan kasuwa da suka fito daga ƙauyuka irin namu. Mun iya zuba kuɗi ranar biki da ranar sadakar bakwai, inda ake gani ana faɗa. Kuɗin aikin ƙaba ba a shelarsa, domin mai ita ba zai taɓa roƙo ba, sai wanda ya je ya zauna ya tambaya a hankali. Na kawu dai mahalba suka fara: suka sayar da naman fita biyu a kasuwar mako maimakon su raba. Ƴan garinmu uku da ke da shaguna a Maradi suka cika, ni ma na sa abin da ya sawwaƙa.

Ranar da zai tafi ya kira babban ɗansa a gaban mutane ya miƙa masa baka da kwari, ya ce ya ja gaba har ƙarshen rani. A asibiti, kafin a shiga da shi, ya kwance layun damtsensa da gurun ƙugunsa ya ba ni riƙo, ya tauna wani saiwa ya tofar, ya ce wa ma'aikaciyar da ke jiransa yanzu suna iya aikinsu. Aka yi lafiya. Ya yi jinyarsa ta farko a gidana, inda ya riƙa ƙorafin cewa ruwan famfo ba ya kashe ƙishirwa kuma mutanen birni ba su san gaisuwa ba. A rana ta shida direban motar garinmu ya yi sallama da wata leda a hannu: rabin zabo ne, an ƙyafe shi saboda hanya. Kawu ya juya shi, ya duba inda kibiya ta shiga, ya ce yaron nan har yanzu yana saurin saki. Daga cikin sauran huɗun nan, ɗaya ya riga ya karɓi takardar ganin likita, ukun kuma sun ce sai sun ga yadda Sarkin Baka zai ja baka baɗi.