Tohon da Ya Kamata Mu Bari

Daga Kazaure zuwa Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, sara ya fi dashe sauri. Itacen girki, gawayi da faɗaɗa gonaki na cinye marke da ƙirya, sai iska ta kwashe ƙasar noma, ruwan damina ya yanka kwazazzabai. Za a ce talaka ba shi da zaɓi tunda gas ya fi ƙarfinsa. Gaskiya ne, shi ya sa hani kaɗai ba zai wadatar ba. Amma manoman Maraɗi ba su fi namu wadata ba, kuma tun shekarun 1980 suke barin tohon kututture ya girma a gona, suna rage rassansa don girki. Mai tsoron inuwa ya dubi gawo: da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ya ƙara masa taki.