Gidan Manomi Ma Abin Tarihi Ne

Idan aka ce ginin tarihi, ɗalibaina sukan kawo fadar Sarkin Damagaram ko masallacin Agadas. Fiye da shekara 20 ina riƙe da alli, ban taɓa jin yaro ya ambaci gidan kakansa na ƙauye ba. Mu ma a makarantar horon malamai fadoji da masallatai aka koya mana.

Shi ya sa nake ba su labarin Kutammaku, ƙasar Batammariba da ke arewa maso gabashin Togo. A 2004 UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya, a 2023 aka haɗa da ɓangaren da ke Benin. Abin da aka kare a can gidajen manoma ne na laka, waɗanda ake kira takiyanta.

Takiyanta bene ce. Ɗakuna ne masu da'ira, katanga ta ɗinke su, ƙofa ɗaya tak tana duban yamma. A ƙasa dabbobi ke kwana, nan ake niƙa. A sama akwai ɗakunan kwana, da filin shanya, da rumbuna masu hular ciyawa, inda akuya da ɓarawo ba sa kaiwa da sauƙi. Maza ke ɗora ginin sahu-sahu, sai ɗaya ya bushe a ɗora wani. Mata su yi yaɓe da daɓe. Ana shafe bangon da ruwan ɓawon ɗorawa don ya jure ruwan sama.

Duk lokacin da na zo nan sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ai makuba ke nan!” Ita ce kuwa. Abin da duniya ke zuwa kallo a Togo, kakanninmu sun san shi. Haka rumbun laka na Adar, da zaure, da rufin azara.

Amma laka tana da sharaɗi: sai an yaɓe ta kafin damina. Masu yaɓen kuma suna cin rani a Yamai ko Abijan. A Satumban 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram. Ina ga rumbun talaka? Don haka ban ga laifin uban da ya sayi siminti da kwano don ya kwana da kwanciyar rai ba. Abin da ke damuna shi ne yaron da ya taso yana ganin laka alamar talauci ce, magini ya rasu ba wanda ya tambaye shi komai.

Malamai, mu ba da aikin gida: kowane ɗalibi ya zana gidan kakansa, ya auna kaurin bango, ya rubuto sunan kowane sashe. Iyaye, in an je ƙauye hutu, ku kai yaro wurin magini, ku bar shi ya cuɗa laka da ƙafarsa.