Teburin Amish: cinikin da ke son ido da haƙuri

A ƙasar Amurka, inda kusan kowane abu masana'anta ke fitar da shi dubu-dubu, akwai wata al'umma wadda sunanta kaɗai ya isa ya ɗaga kuɗin kujera. Su ne ake kira Amish. Mutane ne masu tafiya cikin keken doki, magidantansu da gemu ba gashin baki, matansu da farar hula, kuma ba sa jawo wutar lantarki ta kamfani zuwa cikin gidajensu. Duk mai kantin da ya rubuta a ƙofarsa cewa kayan katakonsa aikinsu ne, ya san mai saye zai shigo da niyyar biyan tsada. Shi ya sa masu rubuta hakan suka yi yawa, na gaskiya da masu kama da na gaskiya, har rarrabe su ya zama aiki.

Asalin waɗannan mutane Turai ne. Reshe ne na wata ɗariƙar Kiristoci da ta ɓullo a birnin Zurich na ƙasar Suwis a 1525, kuma sunansu ya samo tushe daga Jakob Ammann, wanda ya ware da mabiyansa a 1693. Tsangwama da neman ƙasar noma suka kai su jahar Fensilbaniya cikin ƙarni na 18. A 2024 yawansu ya kai wajen 400,000, kuma yana ninkuwa kusan kowace shekara 20, saboda gidajensu masu yawan ƴaƴa ne kuma mafi yawan ƴaƴan ba sa barin al'ummar. Manyan matsugunansu uku ne: gundumar Lankasta a Fensilbaniya, gundumar Holmes da kewayenta a Ohayo, sai yankin Elkhart da LaGrange a Indiyana. Da can manoma ne. Amma jama'a na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa, kuɗin fili kuwa yana ta hawa. Tun daga shekarun 1970 uba mai ƴaƴa maza biyar ya ga ba zai iya saya wa kowannensu gona ba, sai ya kafa rumfar sassaƙa a bayan gida. Ta haka yaro zai yi aiki kusa da mahaifinsa, ya ci abincin rana a gida, bai shiga birni neman albashi ba.

Wata ma'aikaciyar gwamnatin jaha a birnin Kolombus, wadda ta yi shekara kusan talatin tana aikin buro, mijinta ya rasu, ƴarta ɗaya tilo za ta yi aure, ta ƙudurta cewa teburin cin abinci da kujeru shida za ta ba amarya. A can ba wajibi ba ne uwa ta yi wa ƴarta kayan ɗaki. Abin da ya tunzura ta shi ne, a zamanta na aure tebur uku ta saya, duka ukun suka mutu a hannunta. Na ƙarshen, ruwa ne ya zube masa a gefe, ya kumbura kamar burodi, fatar samansa ta ɗaye, sai ga dusar katako a ciki. Ta ce a ranta ƴarta ba za ta gaji wannan hasara ba, ko da kuɗin ajiyarta zai taɓu.

Irin teburin nan nata shi ya cika gidajen Amurka. Dusar katako ake cuɗawa da gam a matse ta zama falanki, sannan a liƙa mata siririyar fatar itace ko ta roba mai zanen itace. Yana da araha da kyan gani, amma ƙusa ba ta daɗewa a jikinsa, kuma in ya lalace ba ya gyaruwa. Bayan ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, kayan ɗaki masu rahusa suka kwararo cikin Amurka, masana'antu da yawa na jahohin Karolina ta Arewa da Bajiniya suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. A 2005 gwamnati ta ɗora ƙarin haraji kan gadaje da sauran kayan ɗakin kwana na katako masu zuwa daga Sin, sai cinikin ya karkata zuwa Biyetnam. Cikin wannan guguwa ƙananan rumfunan Amish suka tsira, domin ba su shiga gasar araha ba. Sun tsaya kan itace zalla, wanda ake yi wa mutum bisa awon da ya zaɓa.

Kanti na farko da matar ta shiga yana bakin birni, babba, mai fitilu da kiɗa. An rataye hoton keken doki a bisa wani rukuni na tebura. Wani saurayi mai kwat ya tarbe ta da fara'a, ya ce: “Madam, kin zo a sa'a, yau akwai ragi, kuma gobe sai a kai miki har gida.” Ta sunkuya ta karanta takardar da ke maƙale a ƙafar teburin, ta ga an rubuta “samfurin Amish”. Ta tambaye shi wace rumfa ce ta yi shi, a wane gari. Sai ya soma kame-kame. Kama da wane ba ta wane. Ta yi godiya ta fita.

Babu wata hukumar gwamnati mai buga hatimi ta shaida cewa kaya aikin Amish ne, kuma su kansu addininsu ya hana su kai ƙara kotu, don haka mai cin sunansu ba ya tsoron sammaci daga gare su. A ƙarshen shekarun 2000 an cika jaridun Amurka da tallar wata na'urar ɗumama ɗaki, da hotunan masu gemu suna aiki, alhali na'urar a Sin aka ƙera ta, akwatin katakon da ke kewaye da ita ne kawai ya bi ta hannun Amish. Akwai kuma masu shigo da ƙafafu da falankai daga waje, su ba wata rumfa ta harhaɗa, su kira shi da sunan. Saboda haka abin da ke kare mai saye shi ne idonsa da tambayarsa.

Ran Asabar ta yi sammako ta kama hanyar Holmes, tafiyar wajen kilomita 130 arewa maso gabas da Kolombus. Ba ta bari sai Lahadi ba, don ranar rumfunan Amish duka a rufe suke. A can, tsakanin Millersburg da Berlin da Walnut Creek da Mount Hope, kantunan kayan katako suna jere a bakin hanya, motoci suna rage gudu a bayan kekunan doki. A kanti na biyu ta tarar da wata dattijuwa, wadda ba Amish ba ce amma ta tsufa cikin cinikin. Ita ce ta koya mata duba kaya. Ta ce ta fara da gefen teburin: in itace ne zalla, zanen da ke sama zai gangaro ya ci gaba a baki, kuma a ƙarshen falankin za a ga zoben shekarun itacen. Ta sa ta leƙa ƙarƙashi, ta ga ko fuskar ƙasa da ta sama itace ɗaya ne. Ta zaro mata aljihun wani kabad ta nuna mata kusurwa, inda katako biyu suka cije juna da haƙora masu siffar wutsiyar kurciya, haɗin da jan yau da gobe ba ya kwance shi. Ta juya kujera ta nuna inda harshen wani itace ya shige ramin da aka fafe a jikin wani. Daga ƙarshe ta ce ta gwada ɗaga gefe ɗaya. Matar ta gwada, ta ji nauyi, ta yi dariya.

Sai maganar irin itace. Jan ok shi ya fi yawa da sauƙin kuɗi, zanensa a fili yake. Farin ok, in an tsaga gungumen gida huɗu kafin a yanka falankai, yakan fito da wasu ɗigo-ɗigo masu sheƙi, kuma bai cika lanƙwasa ba. Mapul mai tauri fari ne sumul. Hikori ya fi su duka tauri. Walnat yana da duhu da tsada. Ceri kuwa yakan fara da ja-ja mai haske, hasken rana ya riƙa rina shi har ya yi duhu, shi ya sa ake gargaɗin kada a bar kwano wuri ɗaya a kansa cikin watannin farko, don kada ya bar tabo. Dukansu daga dazuzzukan gabashin Amurka ake saro su, kuma ba a fara ƙera kaya da falankansu sai an busar da su a ɗakin zafi har danshinsu ya sauko zuwa kashi 6 ko 8 cikin ɗari. Matar ta daɗe tana shafa falankin ceri. Ta zaɓe shi.

Da ta nemi ta ga wanda zai yi aikin, dattijuwar ba ta ɓoye ba, ta kwatanta mata hanya, ta roƙe ta abu ɗaya, kada ta ɗauki hoton kowa, don ba sa so. Rumfar tana bayan wata gona. Abin da ta gani ya ba ta mamaki. Ta zaci za ta tarar da tsoho shi kaɗai da gizago, sai ta ji ƙarar injuna tun daga ƙofa. A wani ɗan ɗaki a gefe, injin gazuwal ne ke ruri, yana tura iska da mai cikin bututu, su kuma suna juya zarto da na'urorin gogewa. Ƙa'idar zaman al'ummar, wadda suke kira Ordnung, ta hana haɗa waya da layin kamfanin wuta, amma a yawancin yankuna ba ta hana inji ba. Mai rumfar da ƴaƴansa biyu da wasu maƙwabta ne ke aiki. Samarin sun bar makaranta bayan aji takwas, abin da kotun ƙolin Amurka ta amince musu da shi a 1972, kuma tun daga nan suke koyon sana'ar. A tsakaninsu suna magana da wani karin Jamusanci, da baƙuwa kuwa Ingilishi.

Mai rumfar ya gaya mata gaskiya ba ado. Shi tebur kawai yake yi. Kujerun wata rumfa ce za ta yi su, shafa launi da banish kuma aikin wata ce ta uku, wadda ke amfani da launuka masu lamba da rumfunan yankin suka daidaita a kansu, don kujera da tebur su fito iri ɗaya. Siffar teburin da ta zaɓa ma ba gadon kakanninsa ba ce. Samfurin da ake kira Mission ne, wanda ya yi tashe a Amurka a farkon ƙarni na 20. Wani samfurin da suke yawan yi kuwa daga wata ɗariƙa dabam aka aro shi, ta Shaker. Matar ta ɗan yi shiru, don hoton da ta zo da shi a zuciya ya rushe. Amma ta ga itacen, ta ga haɗin, ta ga mutumin da zai amsa in an tambaya.

Saura kuɗi da lokaci. Kuɗin ya ninka na kantin farko wajen sau uku, ya zarce albashinta na wata. Ta gwada ko zai sayar mata kai tsaye, ta tsallake ribar kanti. Ya ce a'a, yana da alkawari da masu kantin, su ke kawo masa aiki rani da damina, su ke amsa tarho, su ke neman direban da zai kai kaya, tun da shi ba ya tuƙa mota. Ba zai ci amanarsu don ciniki ɗaya ba. Game da lokaci, ya duba littafinsa ya ce mako goma sha huɗu. Biki kuwa saura mako goma. Ta roƙe shi ya sa ta gaba. Ya ce: “Baiwar Allah, akwai mutane a gabanki, su ma na ba su rana. In na ce miki goma, ƙarya zan yi miki.”

A nan ne cinikin ya tsaya mata a wuya. Ga na gobe-gobe mai araha a Kolombus, wanda zai isa ɗakin amarya kafin baƙi su zo. Ga wanda za ta ba da rabin kuɗinsa kafin alƙalami, alhali itacensa bai ko shiga zarto ba, abin da wani zai kira cinikin biri a sama. Abin da ya rinjaye ta shi ne ƙin da ya yi. Ta yi tunanin cewa mutumin da ya yarda ciniki ya kuɓuce masa don kada ya faɗi ranar ƙarya, da wuya ya ɓoye dusa a ƙarƙashin fata. Ta koma kanti, aka rubuta irin itace da awo da lambar launi da sunan rumfa da ranar kawowa, ta sa hannu, ta biya.

Ran biki, a cikin kyaututtuka, amarya ta buɗe wani ɗan ƙunshi ta tarar da guntun ceri mai faɗin tafin hannu, wanda kanti ke bayarwa don a ga launi. Wasu baƙi suka kalli juna. Ango da amarya suka yi wata guda suna cin abinci a kan akwatunan kwali. A mako na goma sha huɗu mota ta tsaya a ƙofarsu. Masu kawowa suka bar musu gargaɗi: itace zalla yana numfashi, yakan ɗan buɗe lokacin danshi ya tsuke lokacin sanyi in an kunna abin ɗumama gida, saboda haka kada a jingina shi da wuta. In kuma ya ƙarje bayan shekaru, a goge shi a sake shafawa, zai dawo sabo.

Ƴan kasuwa sun san cewa suna jari ne, kuma ya fi kuɗi saurin ƙarewa. Na Amish an tara shi ne a hankali, tebur bayan tebur, a hannun mutanen da ba sa talla da fuskarsu kuma ba sa rantsuwa, i ɗinsu i ce. Yau wasu suna ci daga wannan jari ba su zuba kome a ciki ba, kuma kowane tebur na dusa da aka sayar a ƙarƙashin hoton keken doki yana rage shi. Masu rumfunan ba za su je kotu ba. Abin da ya rage musu shi ne mai saye da zai sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya tambayi sunan rumfa da garin da take, in ba a ba shi amsa ba ya riƙe kuɗinsa.