Mu da King Faisal, ko a sama ko a ƙasa

Duk wanda ya zauna a zangon Kumasi ya san gari ne na Asante Kotoko. Ranar da Kotoko ke wasa a filin Baba Yara, har direban torotoro sai ya ɗaura jan ƙyalle a madubi. To amma akwai mu, 'yan tsiraru daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango, da muke bin King Faisal, kulob ɗin da Alhaji Karim Grusah ya kafa, wanda 'yan jarida ke wa laƙabi da yaran Insha Allah. Shekara talatin da wani abu ke nan ina sayar da goro a garin nan, kuma kusan tsawon shekarun da na yi ina bin su ke nan.

A 2023 muka ga abin da ba a cika gani ba. A kaka ɗaya muka kai wasan ƙarshe na kofin FA, Dreams FC suka doke mu 2 da nema, a kakar nan kuma muka faɗo daga gasar Firimiya zuwa rukuni na biyu, wanda a nan ake kira Dibishin Wan. An raba rukunin shiyya uku, mu muna ta biyu tare da kulob-kulob na Ashanti da na yankin Tsakiya da na Yamma, kuma ɗaya tak ke hawa daga shiyyar a ƙarshen kaka. Ka zo na biyu, kai da na takwas duk ɗaya ne. Abokan ciniki da yawa sun ce mini, "Alhaji, yanzu kam ai ka huta." Ban huta ba.

Ranar wasa takan fara mini tun bayan sallar Asuba. In sha koko da ƙosai, in leƙa rumfa in duba huhunan goro, in yayyafa wa ganyen ruwa kada ya bushe, sannan in bar wa yarona makulli. Wajen ƙarfe goma sha biyu mukan haɗu mu bakwai ko takwas, mu yi karo-karon kuɗin mota. A cikinmu akwai mahauci, akwai tela, akwai wani dattijo mai sayar da albasar Galmi da ba ya gani sosai amma bai taɓa fashi ba. Shi rediyo yake riƙewa a kunne, ko da ba tashar da ke watsa wasan.

Filin ƙaramin rukuni ba irin wanda yaranmu ke gani a talabijin ba ne. Wani wurin ciyawa rabi ƙasa rabi, in an yi ruwa ƙwallo ta tsaya cak a taɓo kamar an kira sunanta. Waya ce kawai tsakaninka da 'yan wasa. Kana jin numfashin ɗan baya, kana jin koci yana zagi da Turanci yana ƙarawa da Tuwi, gola kuma yana kiran abokinsa da Hausa: "Kai, koma gida, koma gida!" Masu tsire da masu ruwan leda suna zagayawa. Ƙarfe uku ake take wasa, saboda haka hutun rabin lokaci kan zo daidai da La'asar. Mu shimfiɗa kwali da buhu a bayan rumfar 'yan kallo, ɗaya ya ja mu. Sau da yawa magoya bayan abokan hamayya, waɗanda minti biyar da suka wuce muke nuna wa juna yatsa, su ne ke shigowa sahu kusa da kai.

Abin da ya riƙe ni a nan shi ne, a wannan fili ana ƙirga mutum. Idan ba ka zo ba, Litinin za a biyo ka rumfa a tambayi lafiya. 'Yan sidin da ka bayar a ƙofa ka san inda za su: kuɗin mota, ruwan sha, abincin yara. Su kuma yaran ba baƙi ba ne. Wannan ɗan mai waƙe da shinkafa ne ta bakin masallaci, wancan jikan limami ne. Ɗaya daga cikinsu, ɗan wani aminina ne da ya so ya gaje shi a shagon yadi, yaron ya ce shi ƙwallo. Sun yi shekara guda ba sa doguwar magana. Uban ya rantse ba zai taka fili ba, amma duk yammacin wasa sai ya kira ni: "Malam, yaya aka tashi? An sa shi kuwa?" Wata rana aka kwashe yaron a gwiwa, ya faɗi bai tashi ba, aka ɗauke shi a kafaɗa. Na tsaya da waya a hannu ina tunanin yadda zan faɗa. Allah ya taƙaita, targaɗe ne, amma daren nan uban ne ya kwana a gefen gadonsa yana masa fifita.

Ba laifin uban nake gani ba. A cikin yara ashirin da ke wannan rukuni, da wuya a samu ɗaya da ƙwallo za ta gina wa gida. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuma gwiwa ɗaya ce jarin. Amma yaran ma ba mafarkin banza suke yi ba. Daga King Faisal Samuel Osei Kuffour ya tafi Torino a Italiya, ya ƙare da ɗaukar kofin zakarun Turai da Bayern Munich a 2001. Daga nan Ibrahim Tanko ya tafi Borussia Dortmund. Ɗan kasuwa ya san wannan lissafi: ka sayi ɗanye, ka yi haƙuri, wani ya ruɓe, wani ya biya maka asarar sauran. Bambancin kawai, nan 'ya'yan mutane ne, ba goro ba.

Autana ɗan Chelsea ne, ya san sunan kowa har masu zaman benci. Da ƙyar na ja shi fili sau ɗaya. Ya yi ta ƙorafin rana da ƙura, yana cewa, "Baba, wannan ai ba ƙwallo ba ce, kokawa ce." Ana saura minti uku a tashi aka ba mu bugun kwana, aka yi cakwakiya a bakin raga, wani dogo ya sa kai. Sai ga autan nawa manne da waya yana ihu, takalminsa ɗaya ya ɓace a cikin mutane. A mota ya yi shiru, can ya tambaye ni ko wasan gaba a gida ne ko a waje. Na ce a waje ne, can yankin Yamma, tafiyar awa huɗu ko fiye, kuma wanda zai je shi ke biyan kuɗin kujerarsa. Ya ce zai tsare mini rumfa ranar Asabar in biya shi lada.