Lamba a Cikin Baka

Ɗalibin ilimin harsuna da abokinsa na sashen likitanci ya ba shi kundin kammala karatu domin ya duba masa Faransanci, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne rashin sunaye. Shi ya saba ganin marubuci da shekara a tsakiyar jimla. In ya ga Newman 2000, nan take ya san wa ke magana, ya san yaushe ya yi ta. A kundin likita kuwa jimla takan ƙare da lamba a cikin baka, 7 ko 12, shi ke nan. Mai son sanin wanda ke bayan lambar sai ya juya zuwa shafukan ƙarshe.

Wannan tsari sunansa Vancouver, sunan birnin Kanada inda wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a 1978 domin su daidaita yadda za a riƙa kawo musu rubutu. Dalilinsu a fili yake: jimla ɗaya a maƙalar likita tana iya jingina da bincike biyar, kowanne da marubuta bakwai ko takwas, kuma in aka jera su duka a cikin zance ba za a gane kansa ba. Sai aka ba kowace madogara lamba bisa yadda ta fara bayyana, aka tura bayaninta ƙarshe.

Sauƙin da aka samu a jikin rubutu, layin nan na ƙarshe ne ya ɗauki nauyinsa. Sunan iyali ne farko, sai haruffan farko na sauran sunaye ba tare da aya ba; in marubuta sun wuce shida, yawanci akan kawo shidan farko a rufe da et al. Sai taken maƙala, sai sunan mujalla a taƙaice kamar yadda Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka ya tsara, ba yadda ɗalibi ya ga dama ba: Bulletin de la Société de Pathologie Exotique ta zama Bull Soc Pathol Exot. Daga nan shekara, waƙafi mai ruwa, juzu'i, fitowa a cikin baka, ruwa biyu, shafuka. Shafukan ma an tsuke su, 284 zuwa 287 a rubuta 284-7. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin tsirfar masu jarrabawa, suna barinsa sai daren da za a kai kundi wurin bugawa.

Ga wani layi da ya kamata su tsaya a kansa: Porter J, Jick H, a N Engl J Med. 1980;302(2):123. Mai lura zai ga shafi ɗaya tak. Ba bincike ba ne mai hanyoyi da jadawali, wasiƙa ce zuwa ga edita, jimla biyar. Marubutan, daga Boston, sun ce cikin majinyata 11,882 da aka kwantar a asibiti aka kuma ba su maganin kashe zafi dangin mofin, huɗu kaɗai aka tabbatar maganin ya zame musu jaraba ba tare da sun taɓa shaye-shaye a baya ba. Magana ce kan mutanen da ke kwance a gado, ƙarƙashin idon likita. Amma a shekarun da suka biyo baya aka yi ta kafa hujja da ita cewa ana iya ba mutum irin waɗannan magunguna ya tafi gida ya sha wata da watanni ba fargaba. A 2017 wasu masu bincike suka ƙirga, suka tarar an ambaci wasiƙar sau 608, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu ambaton sun kawo ta ne a matsayin shaidar cewa jarabar ba ta cika faruwa ba. Mafi yawansu ba su ma faɗi cewa majinyatan a kwance suke ba. A lokacin Amurka ta riga ta yi nisa cikin annobar waɗannan ƙwayoyi, har mujallar ta ɗora gargaɗi a saman wasiƙar. Wanda ya san abin da tramol ya yi wa matasa a garuruwanmu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wasiƙar ba ita kaɗai ta jawo annobar ba, kamfanonin magani sun yi nasu. Sai dai lamba a cikin baka tana mayar da kowa tsara: wasiƙa mai jimla biyar da gwajin da aka yi shekaru ana yi, duk kamarsu ɗaya a jikin rubutu. Tsarin Vancouver ya tanadi a sa kalmar da ke nuna wasiƙa ce ko taƙaitaccen bayani a cikin baka bayan take, kuma wannan ƴar kalma ita ce ake yawan yar da ita. Wanda ya kwafo layin daga manazartar wani bai ga maƙalar ba, jiyau ne, ba zai san akwai abin da ya faɗi ba.

Akwai kuma inda masanin harshe ya fi likita ido, wato sunaye. Ƙa'idar ta ɗauka kowa yana da sunan iyali guda, alhali Bahaushe sunansa yake ɗauka da na mahaifi, wani lokaci da na kaka, takardun hukuma kuma su juya jerin. Mai suna Hadiza Moussa Garba tana iya fitowa Garba HM a wata mujalla, Moussa HG a wata, Hadiza MG a ta uku, a rumbun PubMed ta zama mutum uku, kowacce da sulusin aikinta. Lambar ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012, ta rage wannan ga wanda ya yi rajista. Mai duba kundi kuwa ba hurumminsa ba ne ya daidaita sunan yadda ya san shi a unguwa. Zai kwafe shi yadda aka buga a kan maƙalar, ko da a juye yake, domin da wannan siffar ce mai nema zai same ta.